Ƙirga ko kunne? Muhawarar zaure kan koyar da rawar suwing da buluz

Zulai: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema, musamman daga su Kawu Ɗanladi da duk wanda ya taɓa sa ƙafa a rawar Baƙaƙen Amurka. Wata ƙungiyar al'adu a unguwarmu nan Stockholm ta roƙe ni in koya wa sababbin shiga Lindi Hop, wato uwar rawar suwing, in ɗan haɗa musu da buluz, sau ɗaya a mako har wata biyu. Rawa dai na iya daidai gwargwado, amma iyawa daban, koyarwa daban. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, in fara musu da ƙirga, ɗaya, biyu, uku-da-huɗu, yadda ake yi a yawancin azuzuwan ƙasar nan, ko in sa kiɗa in bar kunne ya yi aikinsa? Na biyu, shugabar ƙungiyar tana so a ƙarshe su hau dandamali su yi wa jama'a wasa, kuma irin wanda ta gani a YouTube take so, inda ake cilla mace sama ta yi alkafura ta diro.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam Anti. Cilli a wata biyu? Ki ce wa shugabar ta fara ajiye motar asibiti a bakin ƙofa.

Injiniya Bashir: Zulai, ƙirga. Kada ma ki tsaya wasi-wasi. Ni a Seoul nake, kuma ana sa garin nan cikin waɗanda suka fi ko'ina yawan masu rawar Lindi a yau, kusan kowane dare akwai gidan rawar da ke buɗe. Da ƙirga suka kai nan. Ma'aikacin ofis ne zai taso daga aiki, bai taɓa jin kiɗan Count Basie, shahararren makaɗin suwing, ba, a tsayar da shi gaban madubi a ce masa babban takun nan na ja-da-saki bugu takwas ne. Ɗaya da biyu, taku baya ka dawo. Uku-da-huɗu, taku uku a haɗe kana jawo ta. Biyar da shida ku kewaya juna. Bakwai-da-takwas, taku uku kana sakinta ta koma nesa. Kafin 'yan makonni ka ga yana yi. Su ma nan al'adarsu ce duk ajin da ya kammala ya yi wasan yaye gaban jama'a, don haka shugabarku ba ta zo da baƙon abu ba. Cillin ne kawai ban goyi baya ba.

Kawu Ɗanladi: 'Yata Zulai, sannu da ƙoƙari. Injiniya, na ji ka, amma ka saurare ni. Na sauka Shikago wasunku ba a haife su ba, na kuma zauna da tsofaffin da suka yi rawar nan da ƙuruciya. Waɗanda suka ƙirƙiro ta babu wanda ya ƙirga musu. Norma Miller, da ake yi wa kirari da sarauniyar suwing, gidansu yana bayan zauren rawa na Savoy ne a Harlem, unguwar Baƙaƙe a New York. Tana ƙaramar yarinya take zama kan matakalar ƙarfe ta bayan gida tana leƙen masu rawa, kiɗa na fitowa yana iske ta. A 1932, tana da shekara 12, tana rawa a bakin titi gaban zauren, wani gwani da ake ce wa Twistmouth George ya hango ta ya ja ta ciki su yi tare. Wa ya taɓa ce mata ɗaya biyu? Shi kansa Frankie Manning, gwanin Lindi na Savoy da aka lallaɓo ya dawo koyarwa a shekarun 1980, da baki yake rera takun ɗalibai su kwaikwaya. Ke da kika yi gaɗa a dandali kina yarinya, wa ya tsaya ya ƙirga miki tafi? Mai ƙirga tun daga nesa kake gane shi: leɓe na motsi, ido a ƙasa. Makaɗa su tsaya cak su bar masa gurbi ya nuna kansa, shi yana can yana bakwai-da-takwas, bai ma san an tsaya ba.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe Kawu, ai misalin naka ni ya taimaka. Yarinyar gaɗa tun tana goye take jin tafin. Norma ta kwana ta tashi da kiɗan Savoy shekara da shekaru. Ɗaliban Zulai awa ɗaya suke da ita a mako, kiɗan da ke cikin wayoyinsu kuma wani ne daban. Ta ina za ta samo musu ƙuruciyar Harlem a wata biyu?

Maman Iklima: Yau dai Injiniya ya ritsa Kawu.

Kawu Ɗanladi: Rabin ritsawa, Maman Iklima. Gaskiya ne kunnensu bai saba ba. To sai a saba masa, ba a tsallake shi ba. Zulai, ga abin da zan yi da ni ne. Minti goma sha biyar na farko kada ki nuna taku ko ɗaya. Ki sa kiɗa mai matsakaicin gudu, su tsaya da'ira, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki na dokawa ƙasa da kowane bugu. Ƙasa fa, ba sama ba, wannan ba rawar tsalle ba ce. Sai tafi a kan bugu na biyu da na huɗu. Za ki ga rabinsu sun tafa a na ɗaya da na uku, kada ki wuce wurin sai sun ji bambancin a jikinsu. Sannan ga inda ƙirga ke cutarwa. Taku ukun nan ba daidai suke ba, na farko ya fi tsawo, na tsakiya ɗan gajere ne, shi ne laƙanin suwing ɗin gaba ɗaya. In kika ce uku-da-huɗu da baki, kalmomin tsawonsu ɗaya, sai ƙafa ta raba su daidai, rawar ta fito a sandare. In kuwa kika rera musu, daa-ga-dam, daa-ga-dam, tsawo da gajarta na cikin sautin. Ki tura musu kiɗan Basie da Chick Webb da Jimmie Lunceford da Ella Fitzgerald, su riƙa ji a jirgin ƙasa da wurin wanke-wanke. Ƙirgar ki riƙe a aljihu. Wanda ya ɓata hanya ya rasa ƙafar da zai ɗaga, ki ciro ki ba shi, da ya gane ki karɓe abarki.

Injiniya Bashir: In dai tana cikin aljihu ban da ja. Amma ki fara da takun bugu takwas, ba shida ba. Malamai da yawa suna farawa da shida don ya fi sauƙi, sai ɗalibi ya saba da shi, alhali kiɗan takwas-takwas yake tafiya. Takwas huɗu ke ba ka sashe ɗaya na waƙa. Mai shida kullum yana karo da kiɗa bai san dalili ba.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake bin zancen nan, na ga ana ta ƙirga da kunne, babu wanda ya taɓo babban al'amarin. 'Yar'uwa Zulai, don Allah ba cin fuska ba ne. Wannan rawa ce ta riƙe hannu da dafa baya tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba. A kan kiɗa malamai sun yi saɓani, mun sani. A kan wannan kuwa mafi yawansu bakinsu ɗaya. Nana A'isha ta ce hannun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa hannun wata mace ba wurin mubaya'a. In ban faɗa ba ban sauke nauyi ba.

Zulai: Malam na gode, Allah ya saka da alheri, kuma ban ji haushi ba. Ni ma tambayar da na fara yi wa kaina ke nan. Shi ya sa tun farko na koyi ɓangaren mai ja, wanda aka saba bar wa maza, ina rawa da mata 'yan'uwana. Namijin da nake rawa da shi maigidana ne. Ajin nan ma kusan duk mata ne, 'yan Somaliya da Siriya da Eritiriya da 'yan ƙasa, da yawansu don an ce mace ce za ta koyar suka rubuta suna.

Ɗan Zango: Kuma ba sabon abu ba ne, Malam. Al Minns da Leon James, gaggan Savoy su biyu maza, tare suka riƙa rawa a talabijin wajen 1960 suna nuna wa mutane tsofaffin takun. Ga kuma na mutum ɗaya da ba a taɓa kowa, irin su Shim Sham da Calaston.

Malam Habibu: In mata ne zalla a ɗaki, wannan magana ce daban. Saura dandamali. Su wa za su zauna su kalla?

Zulai: Kowa da kowa, Malam. Wannan kam kowace sai na tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban sauran ba. Wadda ba ta so ba za ta hau ba, ba kuma za ta rasa komai a aji ba.

Maman Iklima: To Malam ya faɗi nasa, Zulai ta ji. Zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, kowa ya san iyakarsa. A koma kan tambaya don Allah, kada mu kwana nan yadda muka kwana kan rawa da waƙar finafinan Kano.

Ramatu: Yaya Zulai, ni daga Tuluz nake, a Faransa. Abin da kika yi don addini, a wurin koyarwa ma riba ce. Malamin da ya koya mana kowa sai ya sa shi ya yi ja ya yi bi a darasi ɗaya. Wanda bai taɓa bi ba bai san zafin fizga ba. Sabon mai ja da hannu yake ja, kamar zai cire wa mutum kafaɗa, alhali jiki ne ke matsawa hannu ya biyo shi. Da an fizge shi sau ɗaya ya daina. Kuma ki riƙa sa su sauya abokin rawa kowane minti biyu ko uku, in ba haka ba mutum biyu za su haddace kuskuren juna su ɗauka sun iya. Ki gaya musu tun ranar farko cewa tambaya ake yi kafin a riƙe hannun mutum, wanda ya ce a'a kuma ba ya bin kowa bayani. Tun wajen 2015, bayan da mata suka fito suka faɗi abin da wasu manyan malaman rawa suka yi musu, tarurruka da yawa suka rubuta ƙa'idojin zama. Wani abu kuma, mai bi tana da bakin magana. Lokacin da aka sake ta nesa, hannu ɗaya kawai ke haɗe, ƙafarta tata ce, ta murza ƙugu ta yi abin da kiɗa ya ce mata. Wannan sakin shi ya raba Lindi da rawar zauren Turawa da ake manne daga farko har ƙarshe.

Ɗan Zango: Bari in dawo da ku kan cillin, tunda ni ne maƙwabcin wurin. Daga Bronx nake shiga Harlem da tasi kusan kullum, ina bi ta titin Lenox tsakanin layi na 140 da na 141. Nan Savoy yake. An buɗe shi ran 12 ga Maris 1926, aka rufe a 1958, aka rushe aka gina gidaje. Abin da ya rage allon tunawa ne da Frankie da Norma suka buɗe a 2002. Dandamalin makaɗa biyu ne a ciki, waɗannan na ajiyewa waɗancan na ɗauka, kiɗa ba ya yankewa. Baƙi da Farare suna rawa tare, a zamanin da a gidan rawa na Cotton Club, nan kusa, Baƙi ke wasa Farare kaɗai ke kallo. Cillin da shugabarku ke so, Frankie da Frieda Washington suka fara shi wajen 1935 don wata gasa da Shorty George Snowden da Big Bea. Katifa suka shimfiɗa a ɗaki suna faɗuwa a kai har suka iya. Mutanen da suka riga suka gwanance ke nan fa. Abin da shugabar ta gani kuma ina kyautata zaton wasan fim ɗin Hellzapoppin' ne na 1941, shi ke yawo ko'ina. Mutum takwas ne daga ƙungiyar Herbert White, sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Har yau a wurin rawar jama'a an hana cilli, sai a gasa ko a wasan dandamali, don takalmin wata zai iya sauka a fuskar wani.

Maman Iklima: Na kalle shi yanzun nan. Innalillahi, waɗannan suna da ƙashi kuwa? Amma me ya sa duk aka sa musu kayan kuku da 'yan aiki?

Kawu Ɗanladi: Hollywood ta wancan lokacin ke nan. Baƙar fata in zai fito a fim, a matsayin ɗan aiki zai fito. Ki lura kuma rawar ba ta da haɗi da labarin fim ɗin, ana iya yanke ta ba a rasa komai ba. Zulai, ki nuna wa shugabarku wannan ma, ba tsallen kaɗai ba.

Zulai: To in na hana cilli me zan ba ta? Ba na so su hau su yi abin da jama'a za su tafa musu don tausayi.

Injiniya Bashir: Tsararriyar rawa ta minti biyu, kiɗa mai bugu 130 zuwa 150 a minti, kada ya wuce haka. Ki zaɓi kiɗan tun makon farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum goma suna ja-da-saki lokaci ɗaya ya fi cilli ɗaya burge ido. Shi ma Frankie ai shi ya fara tsara wa masu Lindi rawa su yi tare a jere. Kuma ki lura da inda suke fuskanta. A rawar jama'a fuskarka na wurin abokin rawa, a dandamali in ba ki gyara ba rabin lokaci ƙeya za su nuna wa 'yan kallo.

Kawu Ɗanladi: Nan ne tsorona. In ta ba wa haddar minti biyu wata biyu cur, za su sauka daga dandamali sun iya waƙa ɗaya tak. A sa wata, su tsaya suna kallon juna. Na sha ganin haka. Ki raba wasan. Su buɗe da Shim Sham a jere, wannan haddacewa ake yi dama tun zamanin Leonard Reed da Willie Bryant, kuma duk inda suka je a duniya za su tarar ana yin ta. Daga nan su yi da'ira suna tafi, biyu-biyu na shiga tsakiya su yi abin da ya zo musu na takwas huɗu su fita. Haka ake yi a kusurwar gwanaye ta Savoy. Wadda ta yi kuskure ta yi dariya ta ci gaba, 'yan kallo sun fi son wannan da fuskar mai lissafi.

Ramatu: Ku duba daɓen kuma. In kafet ne a dandamalin, gwiwa za ta murɗe. Katako mai ɗan santsi ake so, da takalmi mai ƙasan fata, marar tsini.

Zulai: Madalla. Saura buluz, ba wanda ya ce komai. Nan in aka ce buluz, fitila ake ragewa a sa kiɗa mai sanyi kowa ya rungume kowa. Ɗalibaina in suka ga haka ba za su dawo ba.

Kawu Ɗanladi: Kin taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Wannan da kike gani ya samo asali ne daga shagalin tsakar dare na masu Lindi a ƙarshen shekarun 1990, in sun gaji da gudu sai su sa mai sanyi. Wasu har yau ko kiɗan buluz ba sa sawa, suna dai kiran abin buluz. Ainihinta ba rawa ɗaya ba ce, dangi ne. Ta fito daga 'yan rumfunan juk na Kudu, inda ma'aikatan gonar auduga ke taruwa daren Asabar, ta biyo babbar ƙaura zuwa Shikago da Ditiroyit da New York, ta shiga bukukuwan haɗa kuɗin haya da ake yi a falon gida. Wuri ƙarami, mutane cunkus, shi ya sa irin wannan ba ta yawo, a wuri ɗaya ake yin ta da ƙugu da kafaɗa. Akwai kuma ta manyan zauruka da ke zagaya fili in makaɗa sun sassauta. Kowane kiɗa da takunsa. Na Muddy Waters, da ya zo Shikago a 1943 ya jona jitarsa da lantarki, ba a taka shi yadda ake taka na mai jita ɗaya a Misisifi. Ki fara musu kowa shi kaɗai. Nauyi a ƙafa ɗaya, bugun kiɗa na cikin jiki ba ya tsayawa, sannan su koyi jinkiri, wato ƙafa ta sauka kan bugu amma jiki ya biyo a baya ba gaggawa. Wannan jinkirin ya fi kowane taku wuya. Runguma ɗaya ce daga cikin hanyoyin riƙo, ana yi da tazara, ana yi da hannu ɗaya, ana yi ba a taɓa juna ba sam. Kada kuma ki ce musu rawar nan ta mutu Turawa suka tono ta. Gaskiya ne harajin da gwamnatin Amurka ta sa wa wuraren rawa a 1944, kashi 30 cikin 100 kafin a rage zuwa 20, ya taimaka wajen karya manyan zauruka. Frankie ma ya koma aikin gidan waya shekara 30. Amma mutane ba su daina ba. Nan Shikago ana rawar sitefin har gobe, a Washington suna da rawar hannu, a Filadelfiya suna da bop. Jikokin Lindi ne duka, a hannun masu ita.

Ramatu: Kawu, tunda ka kawo kiɗa. Ni ranar da na fara jin tsohon buluz na mutum ɗaya da jita, goge na ji. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Wani masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya yi bayani a 1999 cewa salon buluz na Misisifi, murya ɗaya mai lanƙwasa da abin kiɗa mai tsirkiya na amsa mata, ya fi kama da na yankinmu na kudu da Sahara, da ake kira Sudan ta tsakiya da yamma, fiye da na bakin teku masu taron ganguna. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. Ali Farka Touré na Mali ma haka ya riƙa cewa, abin da Amurkawa ke kaɗawa daga wajensu ya tafi.

Ɗan Zango: To ashe kayanmu ne! Anti ki gaya musu gado kike koyarwa.

Ramatu: A'a fa, nan ne ban yarda ba. Kama a kiɗa ba ta sa mu zama magada. Wannan rawa a bauta da wariya aka haife ta, kakanninmu ba su sha wannan wahalar ba. Riƙon mace da namiji ma ba daga wurinmu ya je ba, daga rawar Turawa suka ɗauka suka zuba masa jikin Afirka. Nan Tuluz sau da yawa ana ce mini ai ke a jininki take. Ba ta cikin jinina, kuɗi na biya na koya, na yi ta taka ƙafar mutane kamar kowa. In Yaya Zulai ta bari aka ɗauke ta mai gado don fatarta, ta karɓi kujerar da ba tata ba.

Kawu Ɗanladi: Allah ya yi miki albarka Ramatu. Mu baƙi ne a gidan, baƙin da suka yi kama da masu gida. A 1943 mujallar Life ta yi babban rahoto kan Lindi, ta sa Farare biyu a bango, Leon James da Willa Mae Ricker kuma aka kai su shafukan ciki. Wannan ɗabi'ar ba ta ƙare ba. Ku a Suwidin kun fi kowa sanin darajar zuwa tushe, ai mutanenku ne suka je New York suka ɗauko Al Minns a 1984, daga baya Frankie ya riƙa zuwa ƙauyen Herräng kowace bazara tun 1989 har kusan rasuwarsa a 2009. Ba sai kin yi musu lacca ba. Kowane darasi minti biyu, suna ɗaya, hoto ɗaya, ga wanda ya yi takun da za mu koya yau.

Zulai: Na rubuta. To buluz ɗin in sa ta a wasan ko in bari?

Kawu Ɗanladi: Ni da kin bari. Abin da ke cikinta ƙanana ne, daga kujera ta goma ba a gani. Sabon shiga in ya ji ba a ganinsa sai ya fara wurgi da hannuwa, ta koma wani abu.

Ramatu: Ni kuma na ce ki sa, amma kada ki tsara. Ki samo mai jita ɗaya ya zauna a dandamalin, mutum huɗu su fito, biyu su kaɗai, biyu a haɗe. In makaɗi na nan ana ganinsa, jama'a na gane cewa amsa masa ake yi.

Injiniya Bashir: Ba tsari ba ƙirga, ta yaya za su san inda za su tsaya tare?

Kawu Ɗanladi: Injiniya, kai da lissafi, to ga naka. Zagayen buluz gaɓa 12 ne, bugu 48, takwas shida ke nan. Layi na farko a faɗa, na biyu a maimaita, na uku a ba da amsa, sai jita ta gangaro ta koma farko. Wanda ya yi wata biyu yana saurare zai ji gangarowar nan tun kafin ta iso. A gaya wa makaɗin zagaye huɗu zai yi, a na ƙarshe ya ja ya sassauta. In za a yi yadda Ramatu ta ce, na janye, da sharaɗin ya zo aji ko sau biyu su saba da hannunsa.

Zulai: Akwai wani dattijo da ke kaɗawa a wani ɗan gidan shayi kusa da mu, zan yi masa magana. Sai dai ban san ko ƙungiyar ta ware kuɗin makaɗi ba.

Ramatu: Ki tambayi shugabar gobe tun kafin ki je wurinsa. Kuɗin da za ta kashe kan kayan ado da hular gashin zamanin da, ta ba shi, ɗalibai su hau da kayan jikinsu.